Yadda Dariya ta Sami Gurbi a Littafin Yara

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ɗora yaro ɗan shekara uku ko huɗu a cinya, ya buɗe masa littafi mai hotuna, ya san aikin na mutum biyu ne. Babba na bin baƙaƙe da ido yana furta su, yaro kuwa kunnensa na wajen murya, idonsa na kan zane. Wani lokaci sai yaron ya fashe da dariya tun babba bai kai ƙarshen jimla ba, domin ya hango a hoto abin da rubutu bai faɗa ba. A yau irin wannan littafi ya cika kantunan Turai da Amurka, har a ɗauka tun fil'azal haka abin yake. Tarihi kuwa bai nuna haka ba. Tsakanin littafin hoto na farko da aka yi wa yara da ranar da aka yarda yaro ya yi dariya a kan littafi ba tare da an nemi hujja ba, sai da aka yi kusan shekara ɗari biyu.

A wannan maƙala ina so in bi sawun wannan doguwar tafiya daga Jamus zuwa Ingila, daga nan zuwa Amurka. Abin da nake son nunawa guda ne: duk lokacin da dariya ta ƙara samun gurbi a littafin yara, manya ne suka sassauta riƙo, suka miƙa wa yaro wani ɓangare na aikin fahimta. Saboda haka dariyar da yaro ke yi a kan shafi shaida ce cewa ya fara karatu, ko da bai san harafi ko ɗaya ba.

Zamanin wa'azi da tsoratarwa

Masana tarihin adabin yara sukan fara ƙirga daga shekarar 1658, lokacin da John Amos Comenius, wani malami daga yankin da ke cikin Jamhuriyar Czech a yau, ya buga Orbis Sensualium Pictus a birnin Nuremberg. Ma'anar sunan ita ce duniyar da ake gani, a cikin hotuna. Littafin koyon Latin ne, mai babi 150, kowane babi da zanensa, kowane abu a zanen da lambar da ke nuna sunansa. Ba don raha aka yi shi ba. Amma akwai wani abu a farkonsa da ya kamata a lura da shi: Comenius ya koyar da haruffa ta hanyar kukan dabbobi da tsuntsaye, yawancin haruffan kowanne da dabbar da kukanta ya yi kama da shi. Ke nan dole malami ya buɗe baki ya yi kukan hankaka ko na tunkiya a gaban ɗalibai. Tun daga ranar farko littafin hoto ya nemi murya.

Sai dai abin da ya fi yawa a hannun yaran Ingila na wancan ƙarni ba irin wannan ba ne. A 1671 wani mai wa'azi, James Janeway, ya fitar da A Token for Children, tarin labaran yara masu ibada waɗanda suka mutu suna ƙanana, kowanne da bayanin yadda ya cika. An yi ta sake buga shi fiye da shekara ɗari. Manufar ita ce yaro ya ji tsoro ya shiryu, dariya kuwa ana kallonta a matsayin ɓata lokaci. Masanin falsafa John Locke ya ƙalubalanci wannan ra'ayi a 1693, inda ya ba da shawarar a mai da koyon karatu kamar wasa, a kuma ba yaro tatsuniyoyin Aesop masu hotuna. Shekara hamsin bayan haka, a 1744, wani ɗan kasuwar littattafai a Landan, John Newbery, ya gane akwai riba a wannan shawara. Ya buga A Little Pretty Pocket-Book, ana sayar da shi haɗe da ƙwallo ga yaro namiji, ga 'ya mace kuma ɗan matashin soka allura. Nishaɗi ya shigo, amma a matsayin zumar da ake lasa wa yaro don ya haɗiye magani. Ko ƙwallon ma an tanade ta ne domin a riƙa soka mata allura, gefe ɗaya na ayyukan kirki, ɗaya gefen na ɓarna.

Likita da mai zanen aku

Sauyi na gaskiya ya zo a shekaru biyu masu bin juna, daga hannun mutum biyu waɗanda ba marubutan yara ba ne. Na farko likita ne a birnin Frankfurt, Heinrich Hoffmann. Gab da Kirsimeti na 1844 ya shiga kantuna yana neman littafin da zai saya wa ɗansa mai shekara uku. Duk abin da ya gani dogon wa'azi ne, sai ya sayi littafin rubutu wanda ba komai a ciki, ya koma gida ya cika shi da waƙoƙi da zane na kansa. Dama ya saba zana 'yan hotuna don ya ɗauke hankalin yaran da ke kuka in ya je duba su. Abokai suka matsa masa, aka buga littafin a 1845, daga baya ya shahara da sunan Struwwelpeter, wato Peter mai buzu-buzun gashi, wanda ya ƙi aski da yankan farce.

Wanda ya duba littafin sama-sama zai ce ai gargaɗin nan ne dai na da. Yaro mai tsotsar yatsa tela ya zo da ƙaton almakashi ya datse masa manyan yatsu. Yaron da ya ƙi shan miya ya yi ta ramewa daga hoto zuwa hoto, har ya koma kamar zare, rana ta biyar ya mutu. Amma Hoffmann ya kai horon inda hankali ba zai ɗauka ba, har ya zama abin dariya: a hoton ƙarshe, kwanon miyar ne aka ɗora a kan kabarin yaron. A wani labarin kuma zomo ne ya sami maharbi yana barci, ya sace bindigarsa da tabarau, ya bi shi a guje har maharbin ya faɗa rijiya. A nan babba mai makami ne ya sha kunya, ƙarami ya yi nasara. Har yau ana gardama ko littafin na tsoratarwa ne ko na barkwanci. A ganina yana tsaye a bakin ƙofa ne, ƙafa ɗaya a tsohon zamani, ɗaya a sabo. An fassara shi zuwa Ingilishi a 1848, kuma marubucin Amurka Mark Twain ya yi wa 'ya'yansa tasa fassarar a Berlin a 1891.

Na biyu shi ne Edward Lear, ɗan Ingila wanda sana'arsa zanen tsuntsaye ce, ya kuma yi suna da littafinsa na hotunan aku. Wani basarake, Earl na Derby, ya ɗauke shi ya zana dabbobin da yake kiwo a gidansa na Knowsley. A can ya riƙa yi wa yaran gidan 'yan gajerun waƙoƙi na shirme, kowace da zane mai sauƙi: tsohon da tsuntsaye suka yi sheƙa a gemunsa, mutum mai hancin da ya fi ƙarfin fuskarsa, da makamantansu. A 1846 ya tara su ya buga A Book of Nonsense. Abin da ya bambanta Lear da yawancin waɗanda suka gabace shi shi ne bai maƙala darasi a ƙarshen ko ɗaya ba. Ba a hori kowa don ya shiryu ba, ba a saka wa kowa don ya yi kirki ba. Daɗin yana cikin karin sauti da amsa-amo da wautar hoton, kuma duk waɗannan ba sa fitowa sai an furta da baki.

Jamus ta ƙara wani tubali a 1865, lokacin da Wilhelm Busch ya fitar da Max und Moritz, labarin shaƙiyan yara biyu da ɓarnarsu guda bakwai. Busch ya jera hotuna bi da bi, kowane na ɗauko motsi daga inda na baya ya tsaya, ta yadda ido kaɗai zai iya bin labarin. Daga wannan littafi ne Rudolph Dirks ya sami hasken zanen barkwancinsa na jarida, The Katzenjammer Kids, wanda ya fara fitowa a Amurka a 1897.

Ranar da hoto ya buɗe baki

Duk da haka, a waɗannan littattafai hoto yana maimaita abin da rubutu ya faɗa ne, ko ya ƙara masa gishiri. Wanda ya raba su, ya ba kowanne aikinsa, shi ne Randolph Caldecott. An haife shi a Chester a 1846, ya yi shekaru yana aikin akawu a banki kafin ya koma Landan ya rungumi zane. Ya yi sa'ar zamani, domin a lokacin wani maɗaba'i, Edmund Evans, ya ƙware wajen buga hotuna masu launi da sassaƙaƙƙen katako, cikin araha. Daga 1878 zuwa 1885 Caldecott ya riƙa fitar da littafi biyu kowace Kirsimeti, jimla goma sha shida, kowanne a kan sule ɗaya.

Yawancin rubutun da ke ciki ba nasa ba ne, tsofaffin waƙoƙin yara ne da kowa ya haddace. Gwanintarsa tana cikin abin da ya yi da gurbin da waƙar ta bari. Akwai wata waƙar reno ta Ingilishi da ta ƙare da cewa faranti ya gudu da cokali, ba ta ƙara komai ba. A littafinsa na 1882 Caldecott ya zana su kamar saurayi da budurwa da suka tsere. Aka juya shafi sai ga faranti ya faɗi ya tarwatse, sauran kwanuka na kuka a kansa, ita kuwa cokali iyayenta, wuƙa da cokali mai yatsu, sun tasa ta a gaba fuska a murtuke. Babu kalma ko ɗaya a waƙar da ta faɗi wannan. Babban da ke karantawa ya gama nasa aiki, amma labarin bai ƙare ba, kuma yaron ne zai ga ƙarshen da idonsa.

Wannan ita ce dabarar da duk littafin hoto na zamani ya gada. Maurice Sendak, ɗaya daga cikin manyan masu zanen littattafan yara na ƙarni na ashirin, ya ɗauki aikin Caldecott a matsayin mafarin littafin hoto na zamani. Caldecott ya rasu a Florida a 1886 bai cika shekara arba'in ba. Tun daga 1938 Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka ke ba da lambar yabo mai sunansa ga littafin hoto mafi kyau na shekara, kuma a jikin lambar an sassaƙa zanensa na wani mahayi da doki ya kwasa a guje. Babbar lambar wannan fage ke nan, kuma hoton ban dariya ne a kanta.

Dariya a matsayin magani

A tsakiyar ƙarni na ashirin batun ya tashi daga ɗakin reno ya shiga muhawarar ƙasa. Iyaye a Amurka sun damu cewa 'ya'yansu ba sa iya karatu. A 1954 marubuci John Hersey ya rubuta a mujallar Life cewa laifin na littattafan firamare ne, waɗanda suka cika da yara masu tsabta da ladabin da ba a taɓa gani a duniya ba, babu abin da ke faruwa da su da zai sa a so juya shafi. A shekara mai zuwa Rudolf Flesch ya fitar da littafinsa Why Johnny Can't Read, ya ƙara rura wutar. Sai William Spaulding, shugaban sashen ilimi na kamfanin ɗab'i na Houghton Mifflin, ya tunkari Theodor Geisel, wanda duniya ta sani da Dr. Seuss. Ya ba shi jerin kalmomin da ake sa ran ɗan aji ɗaya ya sani, ya nemi ya rubuta da su littafin da yaro ba zai iya ajiyewa ba.

Geisel ba baƙo ba ne a fagen. Littafinsa na farko ya fito a 1937, bayan kamfanoni fiye da ashirin sun ƙi karɓarsa, kuma ya ce karinsa ya samo shi ne daga bugun injin jirgin ruwan da ya dawo da shi daga Turai. Amma wannan aiki ya ba shi wuya, ya ɗauke shi watanni masu yawa. A 1957 The Cat in the Hat ya fito da kalmomi daban-daban 236 kacal. Yara biyu ne a gida ana ruwan sama, uwa ta fita, sai ga wani dogon kyanwa da doguwar hula ya shigo ya hargitsa gidan. Akwai mai wa'azi a labarin, wanda ke ta faɗin kada a yi, kada a yi, amma ɗan kifi ne a cikin tulun gilashi, ba wanda ya saurare shi. Ina ganin a jikin wannan kifi Geisel ya taƙaita tarihin da muka biyo: muryar Janeway tana nan, sai dai an rage mata girma har ta zama abin dariya. Littafin kuma ya ƙare da tambaya ga mai sauraro, ko zai gaya wa uwarsa abin da ya faru in shi ne. Hukunci ya koma hannun yaro.

A 1960 Geisel ya ci cacar da suka yi da Bennett Cerf na kamfanin Random House, inda ya rubuta Green Eggs and Ham da kalmomi 50 tak. Ƙarancin kalmomin ya tilasta maimaici, maimaicin kuma ya zama tsani. Yaro yakan haddace tun yana sauraro, ya riga babba faɗin abin da ke tafe, wata rana ya ɗora yatsa a kan kalma ya gane ita ce wadda bakinsa ya saba da ita.

Yaro ya fi babba sani

Idan za a nemi littafi ɗaya da ya kai dabarar Caldecott maƙura, to Rosie's Walk ne na Pat Hutchins, 'yar Ingila, wanda ya fito a 1968. Rubutunsa duka jimla ɗaya ce mai kalma 32, tana bayanin yadda wata kaza ta zaga gona ta dawo gida. Ko sau ɗaya rubutun bai ambaci dila ba. Amma a kowane shafi dila na biye da ita, kuma duk sanda ya yi tsalle zai cafke ta sai masifa ta same shi: ya taka manjagara ta buge shi a fuska, ya faɗa kududdufi, buhun gari ya zube masa a ka, a ƙarshe ƙudan zuma suka kore shi. Babba na karantawa da murya a sanyaye kamar ba abin da ke faruwa, yaro kuwa na ihu yana nuni da yatsa. A wannan ɗan lokaci wanda bai iya karatu ba ya fi wanda ya iya sanin labarin. Ya lura, ya yi hasashe, ya gwada abin da ya ji da abin da ya gani, ya gane akwai giɓi a tsakani. Waɗannan su ne ayyukan da mai karatu ke yi har tsufansa.

Marubutan wannan ƙarni sun ƙara matsawa gaba. A 2003 Mo Willems ya fitar da littafin da direban bas ke roƙon mai sauraro kada ya bar wata tantabara ta tuƙa motar, sannan ya tafi. Tantabarar ta yi magiya, ta yi wayo, ta yi fushi, ta yi birgima, yaron da ake karanta wa ne kuma ke amsa mata da a'a. Wanda kullum shi ake hanawa, yau shi ke hanawa, kuma yana ganin halinsa a jikin tsuntsuwa. Daga Janeway zuwa nan, kujerar mai tsawatarwa ta tashi daga wajen babba ta koma wajen yaro.

Wa ake yi wa dariyar?

Tarihin nan yana da tabo, kuma ɗan Afirka ba zai tsallake shi ba. A cikin Struwwelpeter akwai labarin yara uku da suka yi wa wani baƙin mutum ba'a, aka hore su ta hanyar tsoma su a ƙatuwar tawada har suka fi shi baƙi. Niyyar ita ce hana ba'a, amma horon da aka zaɓa ya nuna baƙar fata ita ce abin kunyar. A 1899 Helen Bannerman, wata 'yar Scotland da ke zaune a Indiya, ta rubuta Little Black Sambo, kuma bugu da dama da aka yi a Amurka sun zana yaron da siffar wulaƙanci irin wadda ake yi wa baƙar fata. Shi kansa Dr. Seuss bai tsira ba: a watan Maris na 2021 kamfanin da ke kula da ayyukansa ya daina buga littattafansa shida, har da na farkon nan na 1937, saboda yadda aka zana mutanen Asiya da na Afirka a cikinsu.

Ƙarfin hoto shi ne haɗarinsa. Tunda yana shiga zuciyar yaro ba tare da ya bi ta kan harafi ba, to raini ma ta wannan hanya yake shiga. Littattafan da suka daɗe ba su tsufa ba su ne waɗanda suka harba dariyarsu sama, wajen maharbi da dila da babba mai girman kai. Waɗanda suka harba ta ƙasa, wajen wanda ba shi da bakin ramawa, lokaci ya tona musu asiri.

Kammalawa

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Rabin abin da Turawa suka sha wuya kafin su gano, wato cewa labarin yara na murya ne, kuma dariya ba ta hana darasi shiga, tatsuniyarmu ta daɗe da shi. Kakar da ke kwaikwayon tsamin bakin Gizo, ta sauya murya in ta zo kan Ƙoƙi ko Kura, aikin Lear da Seuss take yi ba da takarda ba. Abubakar Imam ya ɗauko wannan raha ya sa ta a rubuce cikin Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, shekarar da Seuss ya fitar da littafinsa na farko. Masu ɗab'i na Amurka ma sun ɗanɗana zumar Afirka ta Yamma: littafin Gail Haley a kan Ananse, gizo-gizon tatsuniyoyin Akan kuma takwaran Gizo, ya ci lambar Caldecott a 1971, haka nan labarin sauro na Verna Aardema, wanda Leo da Diane Dillon suka zana, ya ci a 1976.

Ɗaya rabin, wato na Caldecott, shi ne darasin da nake ganin ya fi dacewa marubuci da mai zane na Hausa su ɗauka daga wannan tarihi. Kada hoto ya zama ɗan amshin shatan rubutu. A bar rubutu ya ce Gizo ya rantse bai taɓa tukunyar ba, hoto kuma ya nuna miya na ɗiga daga bakinsa. Uwa ko yaya ko malami za su karanta rantsuwar, yaro zai ga miyar, kuma shi zai yanke hukunci. Yaron da littafi ya taɓa ba shi wannan girma zai sake ɗauko shi gobe ya ce a ƙara, kuma daga wannan "a ƙara" ne ake samun mai karatu.